Za ki hutun ƙarshen shekara gidan Girkawa? Ga abin da zaki tarar a tebur

Wata ƙanwarmu dake karatu a Tasalonika ta ƙasar Girka ce ta turo tambaya, tace ƙawarta Bagirkiya ta gayyace ta ƙauyensu wajen Kozani a arewacin ƙasar hutun ƙarshen shekara, ita kuma Musulma ce, tana son ta san me suke ci a wannan lokacin, wanne zata iya ci wanne ba zata iya ba, wace tsaraba zata riƙe, sannan in sau ɗaya kawai zata iya zuwa, Kirsimeti ya fi ko sabuwar shekara.

Toh ƙanwata, ni dai aikin kicin na yi a ƙasar nan shekara da shekaru, galibi a Atina, kuma na ci abincin bikin nan a gidaje da dama, don haka bari in faɗa miki yadda abin yake. Abu na farko ki cire a ranki cewa bikin rana ɗaya ne. Kwana 12 ne, daga 25 ga Disamba har 6 ga Janairu, suna ce mishi Dodekaimero, kuma duk abincin da zaki gani a kwanakin nan abu biyu ne suka haife shi, azumi da alade. In kin gane wannan biyun kin gama gane teburin.

Azumin nasu kwana 40 ne, daga 15 ga Nuwamba zuwa 24 ga Disamba. Ba irin namu bane na kame baki daga asuba zuwa magariba, su suna cin abinci, nama ne da ƙwai da madara da cuku da bota suke bari. Yanzu kam matasa da yawa basa yi, amma a ƙauye zaki samu kakar gidan tana riƙe dashi sosai, wasu kuma satin ƙarshe kawai suke kamawa. Wannan azumin gata ne a gare ki, don duk abin da aka ce miki nistisimo ne, wato abincin azumi, to babu nama a ciki ko kaɗan, babu kitsen dabba. Irin su fasolada (miyar farin wake da karas da seleri da tumatir da man zaitun mai yawa), fakes wato miyar adas (wani ɗan ƙaramin wake), shinkafa da alayyahu da suke kira spanakorizo, da gigantes, wasu manyan wake da ake gasawa a obin cikin tumatir. In kin isa ranar 23 ko 24 ga wata irin su zaki tarar, ki ci ki ƙoshi hankali kwance. Abu ɗaya kawai, azuminsu bai cika hana giyar inabi a girki ba, musamman in oktapodi aka dafa, wannan halittar tekun mai hannaye 8, sau da yawa da jar giya ake dafa ta, sai ki tambaya.

Sai alade. Nan ne zancen yake, kuma tunda Kozani zaki je gara in faɗa miki ba ɓoye-ɓoye, naman Kirsimeti na asali a Girka alade ne, ba talo-talo ba. A da kowane gida a ƙauye yana kiwon alade ɗaya tun bazara, ana bashi ragowar abinci da dusa, sai dab da Kirsimeti a taru da maƙwabta a yanka, a yankin Tesaliya har suna da sunan ranar, gurunohara. Ba firji a lokacin, sanyin Disamba ne firjinsu, shi yasa sai lokacin ake yankawa, kuma ba abin da ake zubarwa. Hanji a yi sosej da shi (lukanika, wasu su sa ɓawon lemon zaƙi wasu su sa wata albasa doguwa mai kaurin lawashi da suke kira praso), kai da ƙafafu a dafa har su yi kamar jeli a kira shi pihti, kitsen a narke a adana a tulu ana girki dashi har bazara. Kowane yanki da irin nashi kyafaffen, Kirit suna da apaki, Mani suna da siglino, tsibiran Mikonos da Siros suna da luza. Yanzu yawanci a mahauta suke saye amma ɗabi'ar bata canza ba, ranar 25 zaki ga alade da seleri cikin miyar ƙwai da lemon tsami, ko alade da praso, ko soyayye a kasko da suke kira tiganiya.

Wanda kika gani da idonki ai ba matsala, sai ki tsallake. Ɓoyayyen ne abin tsoro. A Kozani abincin da ake alfahari dashi ranar Kirsimeti sunanshi yaprakiya, ganyen kabeji ne da aka jiƙa a ruwan gishiri makonni har ya yi tsami (suna ce wa wannan kabejin armiya), a naɗe niƙaƙƙen nama da shinkafa a ciki dunƙule dunƙule, a jera a tukunya a barshi kan wuta kaɗan kaɗan awanni, gidan gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshi. Suna cewa naɗin yana nuna jaririn da aka naɗe cikin tsumma ne a daren haihuwa. Wallahi in kika ganshi zaki ɗauka naman shanu ne, alhali kusan ko da yaushe alade ne ko kuma gauraye, rabi shanu rabi alade. Wannan gaurayen kuwa shi ne al'adar mahautansu in ba ki ce a ware ba, don haka duk wani abu mai niƙaƙƙen nama, ko ƙwallon nama ne ko cikin talo-talo da aka cusa wa shinkafa da zabibi da kastana, kar ki kai baki sai kin tambaya. Haka ma fitar ƙauye, wato wannan abin da ake murza ƙullin fulawa siriri a jera hawa hawa a zuba ganye ko cuku a tsakiya a gasa, yawanci da man zaitun ko bota ake yi amma tsofaffin arewa wani sa'in da kitsen alade suke shafe ta, ko su barbaɗa ƙanzon kitsen a ciki don ɗanɗano. Ki haddace wannan, "den troo hirino" ba na cin alade, da "ehi hirino?" akwai alade a ciki? Zasu ishe ki.

Amma shawarar da ta fi duk wannan, ki sa ƙawarki ta gaya wa mamanta tun yanzu, ba ranar da kika sauka ba. Uwar gida Bagirkiya ba abin da ke ɓata mata rai irin baƙo ya zauna da faranti wayam, zata dinga zuba miki tana cewa "fae, fae", ci ci, in kina ta ƙi ba tare da ta san dalili ba sai ta ɗauka girkin nata ne bai yi ba. In kuwa ta sani da wuri, ina tabbatar miki har daɗi zata ji, zata ware miki tukunya daban, ta yi miki rago ko ɗan akuya a obin da dankali da lemon tsami da rigani (wani ganye ne mai ƙamshi da suke sawa a komai). Kuma Musulmi ba baƙon abu bane a wurinsu, akwai Musulmai 'yan ƙasa a Komotini da Ksanti can gabas daku. Zancen yankan Ahlul Kitabi da zancen zama a wurin bikin kanshi wannan fagen malamai ne, ki tambayi wanda kika yarda dashi kafin ki tafi. Ta ɓangaren kicin dai, in zuciyarki bata kwanta ba ki sayi kaza 2 a shagon halal ki tafi dasu a kula, ba wanda zai ga baƙinki, ko ki tsaya kan kifi da cuku da wake da ganye, ba zaki kwana da yunwa ba.

In kin kai kazar, ki roƙa a yi miki kotosufa avgolemono da ita, don ita ce abin da gidaje da yawa suke fara karya azumin dashi in an dawo daga coci da sassafe, kinga cikin da ya yi kwana 40 ba nama ba a fara mishi da soyayye. Ki tsaya a kicin ki kalli yadda ake haɗa ta, abin koyo ne. An dafa kaza da shinkafa kaɗan a romon, sai a sauke tukunya daga wuta, a fasa ƙwai 2 a kwano a kaɗa sosai har ya yi kumfa, a matse lemon tsami 2 a ciki ana ci gaba da kaɗawa, sannan a ɗebo romo mai zafi da ludayi a dinga tsiyayawa cikin ƙwan siriri siriri, hannu ɗaya na zubawa ɗaya na kaɗawa, ludayi 3 ko 4 har kwanon ya yi ɗumi, sai a juye duka cikin tukunya a girgiza ta. Ba a bari ta sake tafasa, in ta tafasa ƙwan ya tsinke ya zama gudaji, shikenan an yi asara. In ta yi daidai zaki ganta fara sol mai kauri kamar an zuba madara alhali ko ɗigo babu.

Yanzu kayan zaƙi, wanda shi ne zaki fi cin karo dashi don duk gidan da kika shiga akwai faranti 2 a kan teburin falo tun tsakiyar Disamba, melomakarona da kurabiyedes. Girkawa har musu suke wanne ya fi, kowa da ɓangarenshi, ni dai ina bayan melomakarona ba ja. Da man zaitun ake yinshi da ruwan lemon zaƙi da kirfa da kanumfari da ɗan samolina, ba ƙwai ba bota, shi yasa ake iya cinshi cikin azumi. Ana mulmula shi dogo kamar ƙwai, a gasa a wuta 180 kamar minti 20 zuwa 25, sai a tsoma a ruwan zuma a barbaɗa dakakken walnot. Sirrin a tsomawar yake, dole ɗaya ya zama da zafi ɗaya da sanyi, ko biskit mai zafi cikin ruwan zuma mai sanyi ko akasin haka, in duka da zafi ya dagargaje in duka da sanyi ba zai sha ba. Kuma ƙullin ba a murza shi da yawa, da ya haɗu a barshi, in ba haka ba man ya fito ya yi tauri. Kwana 2 bayan an yi ya fi daɗi. Kurabiyedes kuwa bota ne zalla da soyayyen almon, a yayyafa ruwan wardi a binne shi cikin garin sukari, in zaki ci kar ki ja numfashi kuma kar ki sa baƙin mayafi. Wanda ya fi suna na Neya Karvali ne kusa da Kavala, mutanen da suka kafa garin 'yan gudun hijira ne daga Kafadokiya ta Turkiyya bayan yarjejeniyar musayar jama'a ta 1923, da hannun girkinsu suka zo. Akwai kuma diples, ƙulli siriri da ake soyawa ana naɗe shi cikin mai a zuba zuma, an fi yinshi a kudu.

Matsalar ki a nan barandi ce, wato giya mai ƙarfi. Yawancin girke-girken gida na melomakarona da kurabiyedes suna zuba ɗan ƙaramin kofi na koniyak ko uzo a ƙullin, kuma zasu ce miki ai ya ƙone a obin. Gasawa bata fitar dashi duka, wannan kam na sani a matsayina na mai girki. Sai ki tambaya "ehi koniyak?", kuma in an riga an gaya wa mai gidan da wuri abu ne mai sauƙi ta maye shi da ruwan lemo, ba wanda zai gane bambanci.

Burodin Kirsimeti, hristopsomo, shi galibi fulawa ne da yis da ɗan zaƙi da kayan ƙamshi, amma da gicciye na ƙulli a samanshi da walnot guda a tsakiya, mai gida ne ke gutsura shi a tebur. Na faɗa miki ne don ki san abin addini ne a wurinsu ba burodin shayi ba.

Toh wanne zaki je? In ni ce, sabuwar shekara. Kirsimeti a Girka ranar coci ce da cin nama, kuma naman kin ji ko na mene ne. Sabuwar shekara kuwa ita ce ranar yara da kyaututtuka da dariya, don su ba ranar 25 ake raba kyauta a al'adance ba, ranar 1 ga Janairu ce, kuma mai kawowa a wurin yaransu Ayos Vasilis ne, wato Basil na Kaisariya, wani babban limamin coci da ya rayu a garin da yanzu ake kira Kayseri a Turkiyya, ranar tunawa dashi kenan. Da sunanshi ake yin vasilofita, kek ɗin da ake ɓoye tsabar kuɗi a ciki. Labarin da suke bayarwa wai an tara zinare da kayan adon mutanen gari za a ba wani azzalumin mai mulki, sai abin bai faru ba, aka rasa yadda za a mayar wa kowa nashi, shi ne ya sa aka cusa su cikin burodi aka raba, kowa ya tarar da kayanshi a nashi.

Yadda ake yi, sha biyun dare na cika sai a kashe fitilu a sake kunnawa, kowa ya rungumi kowa ana "kali hroniya" ana "hroniya pola", sai a kawo kek ɗin an rubuta shekarar a kai da almon ko garin sukari. Mai gida ya ɗauki wuƙa ya zana gicciye sau 3 a samanshi, sannan ya fara yanka yana kiran suna, na farko na Almasihu, na biyu na Maryamu, sai na Ayos Vasilis, sai na gida, gidaje da yawa su ware na talaka, sannan mutanen gida daga babba zuwa ƙarami har da wanda ke ƙasar waje ba ya nan, sai baƙi. Za a kira sunanki, ki shirya. Daga nan sai kiga kowa ya kifa yankanshi yana leƙa ƙasa, yara suna tona nasu da yatsa, kaka na faɗa a ci a hankali kar wani ya haɗiye. Kuɗin suna ce mishi fluri, yawanci yuro 1 ne ko 2 an naɗe a foyil, masu hali su sa na zinare, wanda ya samu wai shi ne mai sa'ar shekara. In wuƙa ta faɗa daidai kan kuɗin tsakanin yanka biyu kuwa sai musu ya tashi, rabin daɗin kenan. Kek ɗin iri biyu ne, akwai mai kamar kek sak da lemon zaƙi, akwai mai kamar burodi mai zaƙi da mahlefi da mastiha, wani ƙaro mai ƙamshi da ake samu a tsibirin Hiyos, wannan salon mutanen Istanbul ne. Amma ki kula, a ƙauyukan arewa da Ifiros har yanzu wasu irin fitar nan da na faɗa miki, mai nama, suke sa kuɗin a ciki maimakon kek, to nan ma tambayar nan taki ta dawo. Kuma yankan vasilofita baya ƙarewa a daren, ofisoshi da ƙungiyoyi da makarantu suna ta yankan nasu har cikin Fabrairu, ina jin ma a sashenku na jami'a zaki gani.

Da safe akwai podariko, wanda zai fara taka ƙafa cikin gida a sabuwar shekara, dole da ƙafar dama, kuma sun fi son yaro ƙarami ko wanda suke ganin mai ƙashin arziki ne. Sai a fasa rumman a bakin ƙofa da ƙarfi, yadda 'ya'yan suka watsu da yawa wai haka arzikin shekarar zai yi. In suka ce ke zaki shigo musu karramawa ce, in baki so sai ki yi murmushi ki tura ƙaramin yaron gidan. Daren kuma ana buga karta da kuɗi, wani wasa da suke kira 31, caca ce ƙarara ko da na 'yan canji ne, sai ki zauna gefe da shayinki.

Yaran kalanda zasu burge ki. Safiyar 24 da 31 ga Disamba da 5 ga Janairu suke bi gida gida da wani ɗan ƙarfe mai kusurwa 3 suna kaɗawa, in an buɗe ƙofa su ce "na ta fume?" wato mu rera? a ce su rera, su yi waƙa a basu kuɗi ko kayan zaƙi, kamar dai tashen yaranmu cikin azumi. Ki tanadi 'yan silalla a aljihu. In kuma kin isa yankin tun 23 ga wata, a daren ne ake kunna manyan wuta a dandali a Florina da Siyatista, Siyatista ma ba nisa da Kozani. Zaki ga wasu gidajen sun yi wa ƙaramin jirgin ruwa ado da fitilu, shi ne na gargajiya musamman a tsibirai, bishiyar Kirsimeti daga baya ta shigo, zamanin sarki Otto ɗan Bavariya a 1833. Kakar gidan kuma zata baki labarin kalikanzari, wasu ƙananan aljanu da wai suke ƙarƙashin ƙasa duk shekara suna saran bishiyar da ke riƙe da duniya, sai a kwana 12 ɗin nan su fito su shiga gidaje ta bututun hayaƙi suna ɓata abinci, shi yasa ba a barin wutar murhu ta mutu, wasu kuma su ajiye rariya a bakin ƙofa wai su tsaya ƙirga ramukan har gari ya waye. Ranar 6 ga Janairu suke komawa, ranar da limamin coci ke jefa gicciye cikin teku ko kogi samari su yi tsalle cikin ruwan sanyin nan su ɗauko. Wannan ko baki je ƙauye ba zaki gani a bakin ruwan Tasalonika.

Tsaraba kuma kar ki wahalar da kanki. Kwalin kayan zaƙi daga shagon zaharoplastiyo shi ne abin da kowa ke kaiwa, amma kar ki kai melomakarona gidan da uwar gida ta yi nata, kamar kin ce nata bai isa bane, ki sayi cakulet ko baklava. Abin da ya fi armashi ki kai naki na gida, dabino mai kyau, ko ki haɗa zoɓo da citta da kanumfari ki cika gora 2, in an ɗaga kofuna ana "stin iya mas" kema kina da jan abu a naki kofin ba mai matsa miki da giya. Kar dai ki ce a aiko miki da kilishi ko dambun nama daga gida, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama cikin kaya, a filin jirgi za a ƙwace. Sannan ki tambayi ƙawarki sunayen mutanen gidan, don su ranar suna ta fi ranar haihuwa muhimmanci, in akwai Hristos ko Hristina ranarsu 25 ga Disamba, Stefanos 27, Vasilis da Vasiliki 1 ga Janairu, Fotis da Fotini 6, Yannis da Yowanna 7, sai ki ce musu "hroniya pola" ki ɗan riƙa musu wani abu.

Kozani akwai sanyi na gaske, ya fi na Tasalonika nesa ba kusa ba, ƙanƙara na sauka, ki tafi da jaket mai kauri da safa da takalmi rufaffe. Ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 da 6 ga Janairu hutu ne shaguna a rufe, don haka kazarki da tsarabarki ki saye su tun kafin, tikitin bas ɗin KTEL mai zuwa gari gari ma ki yanka da wuri don ɗalibai duk a satin suke komawa gida.